Muhawara: Wane reshiyon aksul ya dace da Hilux bayan an sa mata manyan tayoyi?

Baban Hafsa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, domin kuɗin da ake cewa zan kashe ba kaɗan ba ne, kuma ba na son in zuba su a kan ji-ta-ji-ta. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai injin fetur 2.7, giyar hannu guda biyar, kuma tana da ogzileri. Sana'ata sayen hatsi a kasuwannin ƙauye na Jigawa ina kawowa Dawanau, kuma a yawancin tafiya buhu takwas zuwa goma ne a bayanta. Na saye ta tana kan tayoyi 205R16, amma da daminar bara ta yi ta dukan ƙasa da cikinta a hanyoyin da manyan motoci suka rarake, sai na cire su na sa 265/75R16 tare da rim ɗin da ya dace da su. Motar ta ɗaga daga ƙasa, ta rage kafewa a yashi, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Sai dai tun daga ranar motar ta yi sanyi a hannuna. Idan na ɗauko kaya sai na riƙe kuloci na ba ta wuta sosai kafin ta tashi, har sau biyu ina jin ƙaurinsa a cikin motar lokacin da nake fitowa daga wani rafi. A kan kwalta kuwa giya ta biyar ta kusa zama ba ta da amfani, domin da zarar hanya ta ɗan yi tudu ko iska ta taso daga gaba, dole in koma ta huɗu. Makanikena ya canza fulogi da filta, ya wanke nozul, bai ga wani laifi a inji ba. Daga baya wani ya ce mini maganin shi ne in canza kirawun da finiyon na aksul, ya ambaci lambobi biyu, 4.56 da 4.88. Ina roƙon a fayyace mini abin da lambobin nan suke nufi, da wanda ya dace da aikina, da kuma yadda abin zai shafi shan mai.

Malam Injiniya:

Wa alaikumus salam, Baban Hafsa. Injinka lafiyarsa ƙalau, kuma makanikenka bai yi kuskure ba da ya ce bai ga komai ba. Abin da ya faru yana tsakanin taya da aksul.

A cikin aksul akwai ƙaramin haƙori da farfela (sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksul) ke juyawa, shi ne finiyon, yana kuma juya babban faifai mai haƙora, wato kirawun, wanda ke juya tayoyi. Idan ka ƙirga haƙoran kirawun ka raba da na finiyon, abin da ya fito shi ne reshiyo. Haƙora 41 da 10 suna ba da 4.10, wato sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Haƙora 43 da 10 su ne 4.30, 41 da 9 su ne 4.56, 39 da 8 kuma su ne 4.88. Duk lokacin da lambar ta ƙaru, ƙarfin jan da ke isa taya yana ƙaruwa, amma inji yana ƙara yawan juyi kafin a ci tafiya iri ɗaya. Ka tuna keke mai giya: idan aka mayar da sarƙa kan babban faifan baya, hawan tudu yana sauƙi amma ƙafa tana yawan juyawa.

Ita kuma taya giya ce ta ƙarshe, ko da yake ba a kallonta haka. Tsayin 205R16 kusan milimita 734 ne, na 265/75R16 kuma kusan 804, wato ka ƙara kusan kashi tara da rabi cikin ɗari. Ƙarfin da ke tura motarka a kowace giya ya ragu da kusan wannan adadi, ban da nauyin sabbin tayoyin da faɗinsu. Idan a ce aksul ɗinka 4.10 ne, yanzu yana aiki tamkar 3.74 a kan tsofaffin tayoyi. Injin dizal mai turbo kamar 1KD, wanda ke ba da ƙarfin murɗawa 343 Nm (Nm shi ne ma'aunin wannan ƙarfi) tun yana juyi ƙasa-ƙasa, yakan shanye irin wannan ragi ba a ji ba. Naka 2TR ne, ƙololuwar ƙarfinsa 241 Nm, kuma ba ya kai wa nan sai ya yi juyi kusan 3,800 a minti ɗaya, shi ya sa ragin ya fito fili da wuri.

Oga Makanike:

Malam Injiniya ya yi bayani daidai, Allah ya saka masa da alheri. Abin da zan ƙara shi ne kada a yi maganar sabon reshiyo alhali ba a san wanda ke cikin motar ba. Toyota ta sa wa Hilux reshiyo iri-iri gwargwadon inji da giyabos da ƙasar da aka kai ta, kuma akwai alamar aksul a kan farantin bayanan mota, amma farantin yana faɗin abin da kamfani ya sa ne, ba abin da ke ciki yau ba. Na sha buɗe motar da mai ita na farko ya riga ya sauya mata aksul ɗungurungum.

Alhaji, ga yadda za ka gane ba tare da an kwance komai ba. A sa wa tayoyin gaba waigi, a cire giya, a saki birkin hannu, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak a kuma tokare motar da abin da ba zai goce ba. A yi alama da alli a jikin taya, a yi wata a jikin farfela. Mutum ɗaya ya juya tayar sau ashirin daidai, wani yana kwance daga gefe yana ƙirga juyin farfela. Abin da ya samu a raba da goma. Idan ya ƙirga 41, to 4.10 ne, idan 43 ne, 4.30; idan ya kai 45 da rabi da ɗan ɗoriya, 4.56 ne. Ana yin sau ashirin maimakon sau biyu domin bambancin 4.10 da 4.30 ba ya fitowa sosai a juyi kaɗan. Idan tayar ta ƙi juyawa cikin sauƙi alhali ɗayar tana ƙasa, wataƙila aksul ɗin mai LSD ne, wato irin wanda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai, sai a ɗaga duka biyun a juya su tare sau goma.

Tsohon Direba:

Ɗana, ni shekaruna talatin da ɗoriya ina tuƙin a-kori-kura kafin in ajiye, kuma shawarata ta saɓa da abin da kake son ji. Kai ka kawo ciwon da hannunka ranar da ka sa tayoyin nan, kuma maganinsa mafi arha yana jingine a gidanka idan ba ka sayar da tsofaffin ba. Waɗanda suka ƙera motar sun auna inji da giya da birki da taya a tare. Idan ka mayar da 205 ɗinka, ƙarfi zai dawo, birki zai dawo, maleji zai koma faɗin gaskiya, kuma ba wanda zai taɓa cikin aksul ɗin da ke aiki lafiya. A sanina, aksul ɗin da bai taɓa ganin sifana ba ya fi wanda aka buɗe daɗewa, sai fa idan an dace da hannu mai kyau, kuma irin wannan hannu ba a kowane gareji yake ba. Ka kuma lura cewa ƙarin tsayin da ka samu a ƙarƙashin mota rabin bambancin tayoyin ne, wato milimita 35, bai kai faɗin yatsu uku ba. Ka tambayi kanka ko wannan ya cancanci kuɗin aksul biyu.

Ɗan Damagaram:

Baba, ina girmama maganarka, amma a kan yashi ina da ja. Mu a nan hanyoyinmu na rairayi ne, kuma duk wanda ya ga Hilux ɗin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya san ba a shiga can da gajeriyar taya. Amfanin doguwar taya ba ɗaga ciki kaɗai ba ne. Idan ka rage mata iska, tana shimfiɗuwa a kan yashi ta yi tsawo, sai motar ta bi ta sama maimakon ta haƙa rami. Kuma yatsu ukun da Baba ya raina, su ne a ƙarƙashin aksul daidai inda mota ke zama a kan tudun tsakiyar hanya, wurin da ƙara sifirin ba ya ɗagawa ko kaɗan, sai taya kaɗai.

Saboda haka ni ina ganin Baban Hafsa ya riƙe tayoyinsa ya tafi kai tsaye zuwa 4.88. Tunda za a buɗe aksul, a buɗe sau ɗaya. Motar kaya ce, ba ta tsere ba. Mutumin da ke tashi da buhu goma daga cikin rairayi yana buƙatar giya ta ɗaya mai ƙarfi fiye da yadda yake buƙatar shirun inji a kan kwalta.

Malam Injiniya:

Bari mu sa lambobi a gaba domin kowa ya ga abin da ake jayayya a kansa. Zan ɗauka aksul ɗin 4.10 ne har sai an ƙirga, kuma giya ta biyar a irin wannan giyabos kusan 0.84 ce, ta huɗu kuwa ɗaya bisa ɗaya. A gudun kilomita 100 na gaskiya, tsohuwar taya tana juyi kusan sau 722 a minti ɗaya, sabuwar kuma kusan 660. Da tsofaffin tayoyi, inji yana juyi kusan 2,480 a giya ta biyar. Da sababbin ya faɗo zuwa kusan 2,270, wato ya ƙara nisa da wurin da ƙarfinsa yake, shi ya sa ƙaramin tudu ke kashe shi. Idan aka sa 4.30 zai koma kusan 2,380, wanda ya gyara rabin matsalar kawai. Da 4.56 zai kai kusan 2,520, da 4.88 kuma kusan 2,700.

Hanyar lissafin mai sauƙi ce: a ninka tsohon reshiyo da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. A nan ya ba da 4.49, kuma mafi kusa da shi a cikin abin da ake samu shi ne 4.56, wanda ya mayar da motar yadda take har da ɗan ƙari da zai biya nauyin tayoyin.

Akwai abin da ya fi lissafi amfani, Baban Hafsa, kuma ba zai ci maka ko sisi ba. Kana iya ɗanɗana duka biyun kafin ka saya. A yanzu haka idan ka yi gudun 100 a giya ta huɗu, injinka yana juyi kusan 2,700, daidai da abin da 4.88 zai ba ka a giya ta biyar. To, ka tashi daga Kano zuwa Gumel ba kaya, ka ƙi shiga ta biyar gaba ɗaya, ka saurari ƙarar inji ka kuma auna man da ta sha. Haka motarka za ta zauna kullum da 4.88, ba kuma wata giya a sama da za ka gudu zuwa gare ta. Shi kuwa 4.56 ka riga ka san ɗanɗanonsa, domin kusan yadda motar take ne kafin ka canza tayoyi. Ka yi amfani da wayarka wajen auna gudun, domin malejinka yana nuna 100 ne a lokacin da kake kusan 110.

Direban Gembu:

Ina so in ja kunne a kan abu ɗaya da aka ambata a gurguje. Motar tana da ogzileri, saboda haka aksul biyu za a canza, gaba da baya, kuma dole lambarsu ta zama ɗaya. Ni na ga illar saɓa wannan da idona.

Shekaru kaɗan da suka wuce kirawun ɗin bayan motata ya karye, na sayi aksul na hannu a wurin wani mai kayan gyara wanda ya rantse mini cewa irin nawa ne sak. An ɗaura, na yi makonni ina yawo a kan kwalta ban ji komai ba, saboda gaba ba ya aiki sai an sa ogzileri. Ranar da ruwa ya kama ni a kan hawan Mambila na sa shi, a cikin laka motar ta tafi, amma da na fito kan busasshiyar ƙasa mai tauri sai na ji sitiyari ya yi nauyi, motar tana tsalle kaɗan-kaɗan kamar ana riƙe ta ta baya, tayoyi suna kuka. Na yi ƙoƙarin fitar da ogzileri, sandar ta ƙi motsi. Kafin in gane abin da ke faruwa na ji ƙara a ƙarƙashin kujera, mai ya fara zuba. Da aka kwance aka ƙirga, gaba 4.56 ne, wanda aka sayar mini kuma 4.10. Irin wannan ogzileri ba shi da abin da ke raba bambancin juyi tsakanin gaba da baya, sai ƙarfe ya yi ta murɗa ƙarfe har mai rauni ya saki. Na kwana biyu a bakin hanya cikin sanyin da duk wanda ya san wurin ya san shi, kuma kuɗin gyaran ya ninka na aksul ɗin.

Duk abin da za ka saya, Alhaji, ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ko an aiko maka daga Ladipo, ka ƙirga haƙoran da yatsanka a gaban mai shagon. Kada ka yarda da rubutun da ke jikin kwali.

A kan zaɓin kuwa, ni da nake hawa da sauka kullum zan so 4.88, domin yana taimaka wa inji ya riƙe mota a gangara ba sai an ƙona birki ba. Amma ƙasar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ba zan ɗora wa mutum buƙatar dutse alhali hanyarsa ba ta da dutse ba.

Hajiya Mai Gona:

Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar nan da kyau domin muna da irin motar a gona, kuma ni ke biyan kuɗin mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man mota ya zama babban abin da ke cin ribarmu. Abin da na fahimta daga lambobin Malam Injiniya shi ne cewa babban reshiyo yana ƙara juyin inji, kuma a tunanina ƙarin juyi ƙarin mai ne. Idan haka ne, ashe barin motar a kan 2,270 bai fi sauƙi ga aljihu ba, ko da tana da nauyin tashi? Ina son a amsa mini wannan a fili, domin direbanmu ma ya fara kawo maganar manyan tayoyi.

Malam Injiniya:

Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma rabin amsar eh ne. Idan mota ba kaya, hanya a miƙe, ba iska, ƙarancin juyi yana rage shan mai, shi ya sa ma aka yi giya ta biyar. Amma mai ba juyi kaɗai yake bi ba, yana bin aikin da aka ɗora wa inji. Motar da ke ɗauke da tan guda tana buƙatar ƙarfi iri ɗaya ko da wace giya take tafiya. Idan juyin ya yi ƙasa da yawa, direba yana take totur har ƙasa domin ya riƙe gudun, kuma injin fetur idan aka take shi haka kwamfutarsa tana ƙara masa mai fiye da ƙa'ida domin ta kare shi daga zafi. Idan hakan bai isa ba sai a koma ta huɗu, wato 2,700. Kin ga ke nan Baban Hafsa ba a kan 2,270 yake tafiya ba idan da kaya. A kan 2,700 yake. Reshiyon da zai bar shi ya zauna a ta biyar a kan 2,520 zai iya rage masa sha a tafiyar kaya, ya ɗan ƙara masa a tafiyar da ba kaya.

Abin da ba zan ɓoye ba shi ne cewa babu reshiyon da zai mayar da shan mai daidai yadda yake a kan ƙananan tayoyi, domin faffaɗar taya mai nauyi tana da nata haraji, kuma motar da ta ɗaga tana ƙara karo da iska. Idan hanyar gonarku ba ta tilasta muku ba, ki bar motar a kan tayoyinta. Haka nan duk mai auna sha bayan ya canza taya ya tuna cewa maleji yana rage ƙirgen kilomita da kusan kashi tara cikin ɗari, sai motar ta zama kamar ta fi shan mai fiye da yadda take sha a gaskiya.

Mazaunin Amurka:

Gaisuwa ga kowa. A nan inda nake, reshiyon aksul abu ne da mai sayen sabuwar a-kori-kura yake zaɓa tun a wurin dila. Ford F-150 tana zuwa da irin su 3.31 da 3.55 da 3.73, Ram 1500 kuma da 3.21 da 3.92, kuma kamfanin yana rubuta nauyin tirelar da aka yarda ka ja gwargwadon wanda ka zaɓa, da inji ɗaya da bodi ɗaya. Mai yawan tafiya a babbar hanya yana ɗaukar ƙaramar lamba, mai jan tirelar dawaki ko jirgin ruwa yana ɗaukar babba. Na kawo wannan ne domin a ga cewa su kansu masu ƙera motar ba su ce lamba ɗaya ce daidai ba. Aikin mutum suke tambaya.

Amma kada wani ya ga 3.55 a bidiyon Amurkawa ya ce 4.56 ya yi yawa. Injinansu manya ne, kuma tun 2017 F-150 ta fara zuwa da giyabos mai giya goma, wadda ta farkonta ke da ƙarfin tashi sosai, na ƙarshenta kuma suke kwantar da inji a kan hanya. Mai giya biyar da inji 2.7 ba shi da wannan sararin, saboda haka kuskuren zaɓin aksul ya fi yi masa ciwo.

Baban Hafsa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma mun yi abin da Oga Makanike ya ce, ni ina juya taya, yaron gareji yana ƙirga. Mun maimaita sau uku, kowane karo 41 muke samu, saboda haka 4.10 ne kamar yadda Malam Injiniya ya ɗauka. Yau da safe kuma na yi gwajin giya ta huɗu a hanyar Gumel. Gaskiya motar tana da rai a haka, ko na taka kaɗan tana amsawa, amma bayan kusan awa ɗaya ƙarar ta dame ni, kuma hannuna ya yi ta kai wa sandar giya da kansa. Da na zauna na lissafa, a kowace tafiya kusan kashi huɗu cikin biyar na hanyata kwalta ce, kuma zuwa nake yi ba kaya. Wurin da ke wahalar da ni bai wuce kilomita goma sha biyar zuwa ashirin na ƙarshe ba. Zuciyata ta karkata ga 4.56, sai dai maganar Baba a kan hannun da zai yi aikin ta tsaya mini a rai. Ta yaya zan gane makaniken da ya iya?

Ɗan Damagaram:

Tunda kwalta ta fi yawa haka, na janye 4.88 a kan motarka, ko da yake a kan tawa ina nan a kai. Ka riƙa sa ƙaramin ogzileri tun kafin ka shiga rafin, ba bayan ka kafe ba, domin yana ninka ƙarfin tashi kusan sau biyu da rabi, ka kuma cire ƙafarka daga kan kuloci gaba ɗaya. Da ka yi haka tun farko da ba ka ji ƙaurin nan ba. Ka fitar da shi da zarar ka taka ƙasa mai tauri.

Oga Makanike:

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma amsarta tana cikin kayan aikin mutum. Ka ce ya nuna maka agogon auna rata da abin shafa wa haƙora launi. Idan ya ce shi da kunne da hannu yake saitawa, ka yi masa godiya ka tafi.

Kirawun da finiyon ma'aurata ne, tare aka goge su a masana'anta, ba a ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can ko da lambar haƙoransu ta yi daidai. Wajen ɗaurawa abubuwa uku ake saitawa: zurfin da finiyon zai shiga jikin kirawun, wanda ake gyarawa da siraran wasa, matsin boris, wanda idan ya yi yawa zai yi zafi, idan ya yi kaɗan finiyon zai yi rawa, sai ratar da ke tsakanin haƙora, wadda a aksul ɗin baya na Toyota mai inci takwas take tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Wannan kaurin gashi biyu ne ko uku, ba abin da hannu zai auna ba ne. Bayan an saita sai a shafa launi a haƙora uku ko huɗu, a juya gaba da baya ana ɗan riƙe kirawun, a duba sawun da finiyon ya bari. Sawu mai kyau yana zaune a tsakiyar haƙori kamar tambarin babban yatsa. Idan ya gangara gindi ko ya hau baki, ko ya gudu zuwa ƙarshe ɗaya, sai a sake kwancewa. Ni akwai ranar da na kwance aksul ɗaya sau biyar kafin sawun ya zauna, kuma ka tsaya a wurin ka gani da idonka kafin a rufe.

A sa sababbin boris da sil da sabon bututun matsi na finiyon, domin wanda aka taɓa matsewa ba ya komawa. Aksul ɗin gaba ya fi wahalar aiki saboda sai an sauke shi an raba gidansa biyu, ka kuma tabbatar kirawun ɗin da aka kawo ya hau kan gidan da ke ciki kafin a biya kuɗi. Na fi son 4.56 a kan 4.88 ta wani gefen ma: finiyon mai haƙora tara ya fi mai takwas kauri, kuma mai ɗaukar kaya yana buƙatar wannan naman.

Bayan an gama, a zuba man giya mai alamar GL-5. Tafiyar farko ta zama gajeriya, kilomita ashirin zuwa talatin, a tsaya ya huce. Kada ka ɗora mata cikakken kaya sai ta yi kusan kilomita 800, sannan a zubar da man a duba maganaɗisun da ke jikin fulogin zubarwa. Baƙin gari mai laushi ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji alama ce ta a sake buɗewa. Idan ka ji kuka kamar na sarewa lokacin da ka taka totur ko lokacin da ka saki, ka koma nan take, domin haƙoran da suka ci juna a karkace ba sa gyaruwa.

Tsohon Direba:

Tunda ka yanke, ɗana, Allah ya sa albarka, ba zan sake ja ba. Abu ɗaya nake tsoro, kuma na gan shi a wurin mutane da yawa. Idan motar ta dawo da ƙarfinta za ka ji kamar buhu goma bai ishe ta ba, sai ka mayar sha uku, ka mayar sha biyar. Sabon kirawun bai ƙara wa sifirin ganye ba, bai ƙara wa boris ɗin taya ƙarfi ba, bai kuma ƙara wa birki komai ba. Manyan tayoyin nan ma rage masa kamu suka yi. Buhu goma masu kilo ɗari-ɗari tan guda ne, ga kai ga yaron mota, kuma a nan ka riga ka kai iyakar Hilux ko ma ka ɗan wuce.

Baban Hafsa:

Na ji, Baba, kuma na ɗauki alƙawari ba zan wuce goma ba. Na samu wani dattijon makanike da ya fito mini da agogon auna rata daga cikin akwatinsa tun kafin in gama tambaya, ya kuma ce kwana biyu aikin zai ci, ba zai yi gaggawa ba. Mun shirya za mu je kasuwa tare ranar Asabar mu ƙirga 41 da 9 a na gaba da na baya, kuma zan jinkirta aikin zuwa bayan kasuwar wannan makon domin in samu damar yin kilomita 800 ɗin ba tare da kaya ba. Malam Injiniya, saura tambaya ɗaya: idan an sa 4.56, malejin zai koma daidai da kansa ko sai an taɓa shi?

Malam Injiniya:

Ya danganta da inda motarka ke ɗaukar gudun. Idan na'urar tana jikin giyabos ko ogzileri, tana ƙirga juyin farfela ne, saboda haka da 4.56 malejin zai dawo kusan daidai, har ya ɗan zarce gaskiya da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Idan kuwa daga na'urorin ABS na jikin tayoyi, wato na tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, yake ɗauka, canza aksul ba zai taɓa shi ba, zai ci gaba da nuna 100 kana kusan 110, sai an sa masa abin gyara. Ka ce wa dattijon ya leƙa bayan ogzileri ya ga ko akwai waya da ke shiga wurin lokacin da ya sauke farfela.